Fuskar Filumina a Dandali

Daga Esimo, mai haɗa fuskokin wasa a birnin Atina, zuwa ga yayata Timarita a tsibirin Salamis. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida.

Bayan haka, Yaya, wani al'amari ya same ni wanda na kasa riƙewa ni kaɗai. An ba ni aikin fuskokin wani wasan tausayi da za a nuna a bikin abin bautarmu Diyonisu. A cikinsa akwai 'yar sarki da aka yi wa wankan aure, aka rako ta da fitilu. Ango yana ɗaga mayafinta a gaban jama'a sai ta faɗi matacciya, waƙar biki ta koma ta makoki. Da na zo kan fuskarta, na liƙa ƙyalle, na shafa farin da ake yi wa fuskar mata, ban nufi kowa ba. Da ta bushe na ɗaga ta, sai ga 'yata Filumina tana dubana, har da tabon nan na gefen girarta.

Ɗan wasa Gorgo ne zai sa ta, ƙaton nan mai tumbi da murya kamar sarewa. Da ya gwada ya ce, "Tsoho, bana ka yi mini amarya! Bara kamar kakar wani ka mai da ni. Yau ko matata ba ta kai ni kyau ba." Na ce masa, "Cire ta kafin ka cika ta da warin tafarnuwa." Aka yi ta dariya. Amma da ya yi magana ta cikinta, sai na fita waje na nemi wuri na zauna.

Ke kika raini Filumina bayan rasuwar uwarta, don haka abin da kika ce shi zan yi. Ki huta lafiya.

*

Daga Timarita zuwa ga ƙanena Esimo. Ina gaishe ka.

Ka ƙone ta.

Ko ka manta ne? Saura kwana goma a kai ta gidan angonta Lukino zazzaɓi ya ɗauke ta. Da hannuna na wanke ta da ruwan da aka ɗebo don aurenta, na sa mata kayan amarya, tulun kuwa yana nan a kan kabarinta. Amarya muka miƙa ta ga sarkin matattu, ba wanda ya ɗaga mayafinta. Duk tsawon ranta na tsare ta, ko sunanta ba a taɓa ji a kasuwa ba. Yau kuma wani mai gemu zai ɗora fuskarta a kan tasa, a yaye ta a gaban masu sayar da kifi?

Ku maza kun hana mu kuka a titi, sannan ku ɗauki fuskokinmu ku yi kukan da kanku, a tafa muku. Ku yi da ta wata, ban da 'yata.

In aka ɗaga mayafin nan, kada ka sake tako mini gida. Ranar zuba mata mai da zuma a kabari kuwa, ka bari sai na tafi ka zo. Ka zauna lafiya.

*

Daga Esimo zuwa ga Yaya Timarita, gaisuwa da ban girma.

Na hura wutar, na tsaya da fuskar a hannu har itacen ya cinye. Ina nan tsaye maƙwabcina maƙeri ya leƙo ya ce, "Malam Esimo, tsufa ne ya sa kake gasa iska?" Na gaya masa fuskar 'yata ce. Sai ya ce, "Af, haka ne, ka taɓa yin 'ya. Me ma sunanta?" Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu da mutumin nan.

Kin tsare ta da kyau, Yaya, ni ma na taya ki. Mun tsare ta har ba wanda ya san ta taɓa zuwa duniya. Na yi miki alkawari, ga shi na saɓa: jiya na miƙa wa Gorgo fuskar. Ba na neman ki ce na yi daidai. Ki huta lafiya.

*

Daga Esimo zuwa ga Yaya Timarita. Ina gaisuwa, ko da yake jirgi biyu sun zo daga Salamis ba amsarki.

An yi wasan. Da aka ɗaga mayafin, na ga tsofaffin mayaƙa suna share hawaye. Bayan an tashi Lukino ya tare ni, ya yi aure yanzu, har da ɗa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, aikinka ya yi kyau. Ban taɓa ganin fuska irin wannan ba. Ta wace ce?"

Na ce masa ba ta kowa ba ce.

Ki huta lafiya. Ƙanenki, Esimo.