Ƙafar Hagu ta Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata Auta, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga abin da zai ɗaga muku hankali. Mu nan mun gode Allah. Kawu ya samu sauƙin gwiwarsa har ya koma shago, Goggo kuwa tana nan da faɗanta, jiya ma sai da ta wanke ni tas a kan wai na rame kamar ba a dafa abinci a gidana. Yarana suna lafiya, babbar ta fara koyarwa, ƙaramar kuma har yanzu barci ne sana'arta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali duk ƙarshen mako muna magana a waya. To, a wayar nan ƙarya nake yi miki, Auta. Kina tambayata jikin Inna ina cewa da sauƙi, ke ma kina karɓa da sauri don kada in ƙara wani abu, sai mu koma hirar yara. Babu wani sauƙi. Wata huɗu ke nan da faɗuwarta, ɓarin jikinta na dama ya shanye gaba ɗaya, magana kuma ba ta dawo ba. Idonta dai yana nan da kaifinsa, tana gane kowa, tana kuma iya harara. Likita ya gaya mini a tsaye a bakin ƙofa cewa abin yana iya sake bugunta kowane lokaci, kada in sa rai da yawa. Amma ba ciwon kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Maganar rawarta ce, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe, kada ki ninke takardar yadda kike sauya zance idan na ɗauko ta.

Shekara goma sha huɗu rabonki da ɗakin rawa, bari in ba ki labarinsa. Yana nan a saman shagon mai gyaran keken ɗinki, matakala goma sha tara, ta biyar har yanzu tana kuka idan an taka. Madubin da kika fasa da gwiwar hannu ba a canza shi ba, mun dai manna masa takarda. Sai dai mutane sun ƙaru fiye da yadda kika sani, don unguwar ta cika da baƙi daga ko'ina, kuma kin san Inna, duk wanda ta ji yana da rawar iyayensa sai ta ja shi sama ta ce ya koyar. Wani tela yana koyar da ta mutanensu na kan dutse, wadda ake yi da sanda ana dira da ƙarfi har mai shagon ƙasa ya riƙa buga mana silin da tsintsiya. Wata nas tana koyar da ta mutanen bakin ruwa, duk a ƙugu da kafaɗa take. Wani tsohon direba yana koyar da wadda ake yi bibbiyu ana riƙe hannu, shi kuwa da tumbinsa, amma in ya juya sai ki rantse ba ya taɓa ƙasa. 'Yan mata da samari suna da tasu ta zamani ranar Laraba, suna juyi a kan ka, ni dai addu'a nake kada wuyan wani ya karye a hannuna. Yara ƙanana safiyar Asabar, tsofaffi kuma Talata, wasu a zaune kan kujera suke yin tasu da hannu da kafaɗa. Duk waɗannan suna tafiya. Aji ɗaya ne yake mutuwa, shi ne na Inna.

Kin fi ni sanin rawar nan da ta gada wurin kakarta, mai sassa bakwai, da yadda take koyar da ita. Sashe ɗaya a shekara, in ka yi sa'a. Na bakwai kuwa ba ta ba kowa sai wanda ta ga ya isa, kuma a shekara talatin da buɗe ɗakin nan mutum ɗaya ta ga ya isa, ke. Ni da na girme ki da shekara shida ta ce mini ƙafata tana riga kiɗa, hannuna ne mai hankali, ta miƙa mini ganga. Wallahi abin ya ci ni, Auta. Ban taɓa faɗa miki ba, amma kin gani a fuskata, kuma na san maganganun da na riƙa yaɓa miki a lokacin suna cikin abin da ya sa da kika tafi kika ajiye rawa gaba ɗaya. Bayan tafiyarki Inna ta yi ta jira in roƙe ta, ni kuma na yi ta jira ta kira ni da kanta. Shekara goma sha huɗu muna wannan jan zare, uwa da 'ya, kullum a ɗaki ɗaya. Kiɗan sashe na bakwai na san shi kamar sunana, bugu talatin da biyu ne, amma kin san ni, in ina kiɗa rufe ido nake yi. Sau nawa kuka yi shi a gabana, ke da ita, ni ina can idona a rufe ina jin daɗin hannuna.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Kin tuna dokar Inna, ba a ɗaukar hoton rawa a ɗakinta, tana cewa wanda ya san akwai bidiyo ba zai wahalar da ƙafarsa ta riƙe komai ba. Da wayoyi suka yi yawa ni na kawo kwando na ajiye a bakin ƙofa, kowa ya shigo ya jefa tasa, har ana ce mini mai gadi. Shekara uku da suka wuce, ranar da muka taru duk azuzuwa don rufe shekara, Inna ta tashi ba wanda ya roƙe ta, ta ce in ɗauki ganga, ta yi rawar tun daga farko har ƙarshen na bakwai. Da aka gama ana tafi sai na hango nas ɗin nan tana tura waya cikin aljihun rigar aikinta. Ta ɗauka duka, daga farko har ƙarshe. Haba, sai na hau ta da faɗa a gaban ɗalibanta, na ce ta raina dattijuwa, ta ci amanar ɗaki. Baiwar Allah ta yi ta ba ni haƙuri, tana cewa ita a asibiti take aiki, ta san yadda mutum yake kwana lafiya ya tashi ba shi ba, in bar shi a ajiye ko ba za a kalla ba. Ban saurare ta ba. Na tsaya a kanta sai da ta goge, na karɓi wayar na duba da kaina na tabbatar babu sauran komai. Har wani daɗi na ji a ranar, ina ganin na kare mutuncin uwata.

Bayan Inna ta faɗi na bi duk wanda ya ga rawar a ranar ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar yadda na bakwai yake. Ke dai bari. Tela ya rantse cewa da dira uku ta rufe, direba ya ce sam, juyi ta yi a hankali kamar mai riƙe da hannun wani, nas ta ce ita abin da ta tuna kafaɗa ce. Kowa rawar gidansu ya gani a jikin Inna. Nas ɗin ta kai tsohuwar wayarta wurin masu gyara har uku, suka ce babu abin da za a iya dawowa da shi. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba.

Ɗaliban Inna guda tara ne suka kai sashe na shida, akwai wadda ta shekara goma tana jiran na bakwai. In mun zo ƙarshen na shida sai su tsaya cak, hannu a sama, ni kuma in ci gaba da kiɗa ni kaɗai kamar mahaukaciya, suna kallona. Da na ga sun fara janyewa sai na yi abin kunya. Na zauna na harhaɗa wani abu daga maganar tela da ta direba da ɗan abin da nake zato, na koya musu na ce shi ne. Har na sa aka ɗauko Inna a keken marasa lafiya, maza huɗu suka hau da ita matakalar nan, wai don ta ji daɗi. Ta kalli shida na farko idonta yana bin kowace ƙafa. Da muka shiga nawa, bugu huɗu kawai ta kalla, sai ta juyar da kanta ta fuskanci bango, ba ta sake waiwayowa ba har muka sauko da ita. Kwana biyu ta ƙi karɓar abinci daga hannuna, sai Goggo ce ta ba ta. Washegarin hawa da ita na gaya wa ɗaliban gaskiya. Yanzu saura uku suke zuwa.

Ana cikin haka ne wata rana da hantsi, ina zaune gefen gadonta ina yanke mata farce, na fara buga kiɗan na bakwai da yatsa a kan ƙarfen gadon ba tare da na sani ba. Sai na ga zanen da ta rufa da shi yana motsi. Na yaye, Auta, ƙafarta ta hagu ce take rawa. Diddige, yatsu, gefe, ta ɗaga, ta jira. Inda ta jira ɗin nan, nan ne ta dama ya kamata ta taka, ita kuwa tana kwance kamar icce. Na ɗaga kai na ga Inna tana kallona, ba harara, kallo dai irin wanda na shekara goma sha huɗu ina jira. Na yi kuka har na jiƙa mata zane. Tun daga ranar kullum da safe nake zuwa da takarda, ina bugawa ina rubuta abin da hagu ta yi a kowane bugu.

Kada ki ɗauka an samu mafita. Rabin rawa ne a hannuna, kuma rabin da ba ya tsayawa shi kaɗai. Duk juyin a kan dama yake, hannuwa kuma ban san inda suke zuwa ba. Ni da nas mun gwada cike guraben a ɗakin rawa har ƙafafunmu suka kumbura, kullum sai mu ƙare muna fuskantar madubi, alhali abu ɗaya da kowa ya yarda da shi shi ne Inna ƙofa ta fuskanta da ta gama. Ga shi kuma ƙafar tana gajiya. A watan farko tana kai bugu talatin da biyu. Makon jiya a ashirin take tsayawa. Shekaranjiya ta tsaya a sha ɗaya, na ci gaba da bugawa, Inna ta rufe ido hawaye yana bin gefen kunnenta. Ina ji ina gani abin yana zubewa, kuma ni da kaina na sa aka goge bidiyonsa.

Ban san abin da ya rage a jikinki ba. Na san kin ce kin manta, ƙafarki ta yi nauyi, aiki da yara ba su bar ki ba, kuma na san tafiyar ba kusa ba ce. Wataƙila da gaske kin manta, wannan tunanin shi yake hana ni cin abincin da Goggo take faɗa a kai. Ba na cewa ki yafe mini, ban ma ga fuskar da zan roƙa da ita ba. Abin da nake roƙo ki zo ki tsaya a ƙarshen gadon nan inda za ta gan ki, in buga, ita ta ba da hagu, mu ga ko taki ta dama za ta amsa. Kada ki ce za ki yi a can ki turo a waya. Ba don doka ba, kwandon ma na jefar da shi. Sai don na san ba za ki tuna ke kaɗai a ɗakinki ba, kuma ba bidiyo Inna take jira ba. In ƙafarki ba ta amsa ba, shi ke nan, sai mu zauna mu uku mu san ya ƙare a gabanmu.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina roƙonsa ya ba ki dama. Ki shafa mini kan 'yan biyu da takwarar Inna, wadda har yau kakarta ba ta taɓa riƙe ta ba. Kawu da Goggo suna gaishe ki, yarana suna gaida ƙanwar uwarsu, tela da direba ma sun ce in sa sunansu ko da ba ki san su ba. Na gaya wa Inna ina rubuto miki, ta daɗe tana kallon ƙofa.

Za ki ga wata takarda a ninke cikin wannan. Layi talatin da biyu ne, na raba ta gida biyu. Gefen hagu na cike shi da abin da ƙafar Inna ta gaya mini. Gefen dama ban rubuta komai ba, na bar miki. Yau da safe na buga mata, a bakwai ta tsaya.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa ki same ta.

Yayarki,
mai ganga.