Kwalaben Kawu Sule

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara, ya maigidan?

Ranar Asabar na je unguwar Al Qusais duba Kawu Sule, sai na tarar da kwalaben giya a kicin. Bai musa ba. Ya ce, "Tun rasuwar matata ba mai ƙwanƙwasa min ƙofa. Da kurɓa ɗaya na fara, don in samu barci. Yanzu in ban sha ba hannuna rawa yake."

Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba, zama kawai na yi.

Jibi zan kai shi asibiti. Ku sa shi a addu'a. Ki ce wa Inna ƙaninta na gaishe ta. Sauran ban san yadda zan faɗa mata ba.

Ƙanwarki,
Bilki