Jan Da Ya Fito Daga Kwalta

Speyer, Fabrairu

Ƙanena Balduin,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai gwiwar Baba da ke taɓa shi. Wai da gaske ne abin da Fasto ya faɗa, kwalta kake dafawa a kwalabe? Saniya guda Baba ya sayar aka kai ka jami'a, ashe dahuwar kwalta ka koyo! Me ake samu a cikinta? Ba ta wari? Ka ba ni labari, son sani ya hana ni sakat.

Yayarka,
Ottilie

Berlin, Maris

Yaya Ottilie,

Bayan gaisuwa da girmamawa, a gaida Baba da jiki. Wari kam ba a magana, matar da nake haya a gidanta ta hana kwat ɗina kwana a ɗaki. Tun muna yara nake son sanin abin da ke ba saiwar rinin da muke nomawa launin ja. Na yi ta warware sinadarin har na ga ƙashin bayansa, sai ga irinsa a cikin kwalta. Daga nan na sake gina shi da hannuna. Ga ƙyalle biyu, ɗaya da ƙulli a gefe. Ɗaya rinin saiwarmu ne, ɗaya na kwalta. Ki bambanta mini su.

Ƙanenki mai biyayya,
Balduin

Speyer, Afrilu

Ja'irin yaro,

Muna gaishe ka. Na wanke su da sabulu, na tafasa, na shanya a rana, ko ɗaya bai koɗe ba. Baba ya shinshina, ya ɗan ciza, ya ɗaga mai ƙullin ya ce, "Ga namu! Ku faɗa wa masanin nan ja daga ƙasa yake fitowa." Na yi dariya, na kuma yi alfahari da kai. Daga baya tsoro ya kama ni. Ka san saiwar nan sai ta shekara uku a ƙasa kafin a tono ta, kuma da ita muke ci. In kwalta tana ba da wannan ja, wa zai sayi tamu? Baba ya gama gyara gona. Mu shuka, ko kada mu shuka? Ka faɗa mini gaskiya.

Ka huta lafiya,
Ottilie

Berlin, Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Mai ƙullin na kwalta ne. Ku shuka dankali. Kada ki faɗa wa Baba, ina zuwa in faɗa masa da bakina.

Ki yafe mini,
Balduin