Sirdin Goɗiya Mai Faɗin Baya

Kawu Ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taka? Yaya Inna da yara?

Kawu, hankalina ba a kwance yake ba. Goɗiyar maigidana faɗin baya gare ta. Duk sirdin da na gwada a Madina sai ya ji mata ciwo, har ya fara maganar sayar da ita, alhali ni na rene ta. Igiyar awon da na aiko maka bara, ashe Alhaji Sani kayansa ya ɗaure da ita! Yanzu na zana awon bayanta a takardar siminti, ga ta nan. Don Allah ka sassaƙo min sirdi kafin alhazai su taso.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Kowa ma ka ba sirdin ya kawo min, ban da Alhaji Sani.

Ɗanka,
Habu