Tabkin Ya Sake Yin Kore, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hure, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ɗanki Tanko ne yake rubuto miki daga rumfar cajin waya a kasuwar Guci. Na san ba ki yi boko ba, na kuma san inda kike ba a kai takarda. Zan ɗora ta a waya, waɗanda ta shafa su karanta. Sun san kansu.

Inna, tabkin garinmu ya sake yin kore.

Irin koren nan na waccan shekara, mai kauri kamar kunu, wanda iska ke turawa gefen mashayar dabbobi. Har warinsa iri ɗaya ne. Na waiwaya ina neman ki a bakin ruwa, alhali da hannuna na zuba miki ƙasa.

Ina tuna ki da bazara, in ruwa ya ja baya. Ki ɗaure zani, ki duƙa, ki kankare baƙar laka da gansakukar da ke kanta da sakaina, ki cika ƙwarya ki ɗora mini. Mu kai garka, ki shanya, ki marmashe a gindin yakuwa da albasa. In na yi ƙorafin wari sai ki ce, “Ruwa ma yana da taki, dabbar da ke yin sa ce ba a gani.” Yakuwarki ta fi ta masu sayen takin buhu a Magariya baƙin ganye. Tun daga nan aka fara kallon ki ta wutsiyar ido.

Sai shekarar da shanu suka sha ruwan suka zube nan bakin tabki. Karen gidan mai gari ya bi su. Sannan Sabi'u, ɗan Baffa Ila ƙanin Baba, wanda ba ya wuni bai yi iyo ba, ya kwanta yana amai, idonsa ya yi rawaya. Wata ta ce ta gan ki duƙe kina yi wa ruwa magana. Da ni kike, Inna. Faɗa kike yi mini na tsoma takalmin lakkal, na zuwa boko, cikin laka. Na faɗa musu, wa zai saurari yaro?

Aka ce ke mayya ce, kin kama kurwar Sabi'u. Aka shimfiɗa shi kan tabarma a tsakar gidan Baffa, gari ya taru har kan danga, aka ce ki tsallaka shi, wai in kurwar tana hannunki ta koma jikinsa. Baba ya riga ya rasu, babu mai tsaya miki. Kika dubi yaron. Ba ki dubi kowa ba sai shi. Kika tattare zaninki kika tsallaka.

Sabi'u ya warke. Ina zai ƙi warkewa, an tsare shi a ɗaki, ba iyo, ba ya shan komai sai ruwan rijiya? Amma gari ya ce ga shaida. Warkewarsa ce ta kashe ki, ba tarin da kika yi daga baya ba.

Kin san sauran. Yakuwarki ta bushe a faifai ba mai taya. In kin kai tuwo gidan suna ya dawo yadda ya tafi. Matan da kika yanke wa ƴaƴansu cibi suka koma rataya musu tafarnuwa in za su bi ta ƙofarmu. Ranar jana'izarki, ba sai na faɗi yawan sahun ba.

Na daɗe ina jin haushinki, kin sani, don ban ɓoye miki ba. Na tsare ki a garka na ce don me kika yarda, da kin ƙi da ba su samu bakin magana ba. Ba ki ɗago daga shukar da kike yi ba. Kika ce, “Yaro na kwance, Tanko. Ƙafa ce kawai na ɗaga.” Na yi fatali da ƙwaryar na tafi.

Bayan na bar lakkal ban bar karatu ba. A rumfar nan, tsakanin mai karɓar waya da mai kawowa, na bi faransanci kalma-kalma har na iske dabbar taki. Akwai ta, Inna. Wasu ƙananan halittu ne a ruwa, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru sun yi kore. Iskar da muke shaƙa cike take da wani abu da ake kira azot, shi ne ƙarfin takin buhu, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Su waɗannan halittu suna iyawa. Su kama shi, su mai da shi abinci, in sun mutu su kwanta cikin laka da shi. Abin da kike kwasa ke nan. Iska kike ɗora mini a kai, ta bi ta cikin ruwa ta zama taki.

Na karanta kuma cewa wasu daga cikinsu, in zafi ya yi zafi ruwa ya tsaya cik, sukan yi yawa su saki dafi mai taɓa hanta. Dabba ta sha ta faɗi. Mutum ya yi amai, ido ya yi rawaya. Ban ce na gwada ruwanmu ba, babu wanda ya taɓa zuwa ya gwada shi. Amma ranar da na karanta wannan na rufe rumfa, na je kabarinki na zauna, bakina ya kasa haɗa addu'a.

Shi ya sa bana, da awaki suka fara mutuwa, Allah ya yafe mini, wani gefen zuciyata ya yi murna. Na ce to, ga mai laifin nan ya dawo, Inna kuwa tana ƙarƙashin ƙasa, bari in ga wa za su kama. Na sari ƙaya na tare mashaya. Na bi masallaci da majalisa ina cewa a janye yara da dabbobi daga tabki, a koma rijiya har ruwan sama ya sauka. Na nuna musu hotuna a waya. Kin san bakina, ban yi da lallashi ba. Na ce wa dattawa da furfurarsu sun kashe mace a kan gansakuka.

Kin san abin da suka ce? Wai ai maita a nono ake sha. Wai in ba ni na sa abin da ke cikin ruwa ba, yaya aka yi na san zai yi kisa? Mutanen da ke ba ni wayoyinsu in cika musu wuta, su ne suka fara karɓa da gefen riga.

Shekaranjiya da hantsi aka aiko kira na gidan Baffa Ila. Ƴar Sabi'u ce, Nana, wadda ba ta kai shiga lakkal ba. Ta bi yara wanka. Na iske ta kan tabarma a tsakar gidan nan, wurin nan dai da aka shimfiɗa Sabi'u, gindin bishiyar bedin nan. Idonta kamar an shafa mata kurkum. Mutane har kan danga.

Na ce a ba ni ita in kai ta likita a babur yanzu-yanzu. Baffa ya ce ba inda za ta sai na tsallaka ta. Na zage shi, Inna, zagin da da kina nan da kin rufe mini baki da tafin hannu. Na ce ko za a yanka ni ba zan yi ba. In na tsallaka ta warke, sun tabbatar da ni, sun tabbatar da ke har abada. Duk karatun da na yi don in wanke sunanki ya tashi a banza.

Sabi'u yana tsaye, ƙato da shi, ya kasa haɗa ido da ni. Uwar yarinyar ta riƙe ƙafar wandona. Nana ta yunƙura za ta yi amai, babu abin da ya fito. Rana tana ta hawa.

Sai na daina ganin mutanen. Ban san yadda aka yi ba. Danga ta ɓace, Baffa ya ɓace, saura tabarma da ɗan ƙirjin nan yana hawa yana sauka. Ashe abin da kika gani ke nan.

Na tsallaka, Inna.

Na sunkuce ta, Sabi'u ya hau bayana ya riƙe ta, muka yi asibitin Guci. An sa mata ƙarin ruwa. Jiya ta sha koko, yau ta nemi ƴar tsanarta. Za ta tashi in Allah ya so, kuma na san abin da gari zai ce in ta tashi. Tun da safe wayoyin da aka kawo caji ba su cika tebur ba.

Ban wanke ki ba. Na zo ne na tsaya kusa da ke.

Ƙayar tana nan a mashaya, in sun janye in mayar. In ruwa ya ƙara ja baya zan je da sakainarki in kwashi laka da rana tsaka, kowa na gani, don garkarki ta daɗe ba ta ci ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya shayar da ke ruwan da babu kore a kansa. Allah ya tashi Nana. Su kuma, ke kin yafe tun kina da rai, ni ki ba ni lokaci.

Ɗanki mai ɗaukar miki ƙwarya,
Tanko