Shaddar Sallah Ba Ladan Aiki Ba Ce

Zuwa ga Alhaji, mai gidan buga bulo na Alajo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Shekarata goma sha ɗaya rabona da gida. Tara daga ciki a filinka na yi su, siminti ya cinye mini tafin hannu. Ranar da na sauka unguwar Nima ban san kowa ba, kai ka ba ni ɗaki. Ban manta ba. Amma wannan ɗakin ne ya ɗaure mini baki, don a garinmu baƙo ba ya ciniki da mai masaukinsa. Mu ma'aikatanka mun ɗauke ka uba, muka ji kunyar tambaya. Yau kunyar ta ƙare, shi ya sa na ce a karanta wannan a bainar jama'a.

Na ɗaya: gwamnati ta yanke mafi ƙarancin ladan yini, kowa ya ji a rediyo. Abin da kake ba mu bai kai ba. Ka ce in an haɗa da dokunu, tuwon masarar nan, da kifin da muke ci da rana ya kai. Alhaji, doka ba ta ce a biya mutum da dokunu ba.

Na biyu: yinin aiki awa takwas ne, abin da ya haura a biya shi daban. Mu kuwa in motar yashi ta makara sai mun sauke ta, ko da an kira magariba. Wannan kake kira taimakon maigida. Amma in muka tafi Juma'a, sai ka zaftare mana rabin yini. Agogonka yana ganin fitarmu, ba ya ganin daɗewarmu.

Duk Sallah kana ba mu shadda, muna godiya. Kyauta ce, ba lada ba.

Ka cika mana ladanmu, ka biya ƙarin lokacin, ka bar mana Juma'armu. In ba haka ba, zan tafi ofishin leba na gwamnati da ƙafata. Na san za ka karɓe makullin ɗaki. Karɓi, barandar masallaci tana nan.

Allah Ya ƙara maka arziki na halal, Ya sa ka sallame mu tun a nan duniya.

Mahaifiyata ta aiko a tambaye ni yaushe zan dawo. Abin da na tara: kuɗi sidi dubu huɗu, da shadda tara da ban sami kuɗin ɗinkinsu ba.

Wassalam.

Isa mai buga bulo, Nima