Bangon Baba da Fentin Kawu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Inna tana gaishe ki.

Bayan haka, na miƙa takarduna na neman digiri na uku a sashen tarihin zane-zane. Kada ki yi dariya, Kawu ya riga ki. Wai in na zama dakta wa zan yi wa allura, bango?

To, bangon ne kuwa. Bincikena a kan masu zanen allunan shaguna ne, irin Baba, Allah ya jiƙansa. Kin san ba ya ɗora hoto a allon kowa sai ya gwada shi a bangon shagonsa, sabo a kan tsoho. Aikin rayuwarsa kaf yana jikin bangon nan, hawa-hawa.

Ranar ganawa da kwamiti raina ya ɓaci matuƙa. Wani malami mai ƙaton tabarau ya ɗaga hotunan da na ɗauka da yatsa biyu, kamar ya tsinci tsumma, ya ce wannan talla ce ba zane ba, in nemi masu zanen da aka riga aka yi littattafai a kansu. Yaya, in kowa sai wanda aka rubuta zai rubuta, na farkon daga sama ya faɗo? Na haɗiye maganar don ni ke nema.

Wata Farfesa ce ta cece ni, tsohuwa 'yar firit mai furfura. Ta ce hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin fenti, kuma ɗalibi ɗaya tak za ta ɗauka bana, don haka ran Asabar za ta zo ta ga bangon da idonta. Na roƙi Inna a share shagon kawai. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Sun shafe bangon Baba.

Jarrabawar ɗalibaina ta riƙe ni a makarantar da nake koyarwa, sai ran Juma'a da yamma na samu zuwa gida. Tun daga bakin titi na ji warin fenti. Ina shiga shagon na tarar da shi shuɗi fes daga sama har ƙasa, fentin mai, yana sheƙi. Ga sabon labule, ga furen roba a kan tebur. Ga kuma Kawu a tsaye, gemu duk fenti, yana washe baki yana jiran godiya. Wai baƙonka annabinka, ba za a kawo babbar mace ɗaki mai dabbare-dabbare ta raina mu ba. Dabbare-dabbare, Yaya! Garin neman gira mun rasa ido.

Hotunan kawuna na allon mai aski, da muke zaɓen miji a cikinsu muna yara, sun tafi. Kifin nan mai idon rago da Baba ya ƙi gyarawa, ya tafi. Jirgin ƙasa, da agogon da ba ya wuce ƙarfe goma. Da kusurwar taga, inda ya zana Inna a kan keken ɗinkinta. Na zauna a ƙasa na yi kuka har muryata ta dushe. Allah ya gafarta mini, na faɗa wa Kawu maganganun da ba a faɗa wa babba. Ya ɗauki bokitinsa ya fita. Fitar nan ma haushi ta ƙara mini.

Farfesa ta zo a kan lokaci. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana juyawa, ta taɓa bangon, fentin ya manne mata a yatsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta sha shayin da aka kawo mata, ta yaba labule, don mace ce mai kara. Da na raka ta mota ta ce ta yarda da ni, amma kwamiti ba zai yarda da abin da ba ya ganuwa ba. Ta haɗa ni da wani mai gyaran tsofaffin zane a gidan tarihi, ko zai iya wani abu.

Kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri. Kowa a gidan nan haƙuri yake ba ni, har na rasa inda zan zuba shi.

Taki cikin takaici,
Auta


Yayata,

Assalamu alaikum. Na samu wasiƙarki, na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Na ga kuma haƙurin da na hana ki sai da kika cusa shi a layin ƙarshe.

Sakamako ya fito, ban samu ba. An ba wani da zai yi rubutu a kan mutanen da mai tabarau yake so. Farfesa ta ce in sake nema baɗi, in har akwai abin nunawa.

Yanzu ga wadda ta fi wannan. Ba Kawu ba ne. Wato shi ya riƙe burushi, amma Inna ce ta sa shi, ya kuma shanye zagina don ya rufa wa yayarsa asiri. Ita da kanta ta faɗa mini, da ta ga na daina gaishe shi. Kin tuna yadda Baba ya zana ta: ba ɗankwali, kai a baya, tana dariya baki buɗe, wushiryarta a waje. Ta ce wannan tsakaninta da mijinta ne. Da ta ji manyan malamai za su zo su tsaya a kanta suna nuni da yatsa, a sa ta a littafi, sai kunya ta hana ta sukuni. Kusurwarta kaɗai ta ce a shafe. Kawu ya ga shuɗi a wuri ɗaya bai yi kyau ba, ya ƙarasa ladansa.

Yaya, ta faɗa mini mana! Da ƙyalle na rataya a wurin, shi ke nan. Shekara guda ta rayuwata da aikin Baba duka sun tafi saboda maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kuma wa zan yi wa faɗa, uwata? Na je na durƙusa na ba Kawu haƙuri, amma ban huce ba, fushin ne kawai ya rasa mai shi.

Mutumin gidan tarihi ya zo ya duba. Ya ce fentin zai fita, amma da wuƙar tiyata da auduga, kaɗan-kaɗan, kuma wani abin ba zai dawo ba har abada. In na wuni ina kankarewa, abin da nake buɗewa bai fi tafin hannu ba. Na yi niyyar farawa da kifi, in bar kusurwar Inna a rufe tunda haka take so.

Ranar da na fara sai ga ta da kujerarta. Ta zauna, ta ce in bar kifin nan, in fara da wajen taga. Ashe tun rasuwar Baba kullum da safe sai ta shiga shagon ta tsaya a wurin kafin ta ɗora ruwa, ba wanda ya sani. Ta ce tun da aka shafe ta rasa inda za ta tsaya.

Yau wushiryar ta fito. Inna ta sa hannu ta rufe bakinta, ta tashi ta fita. Na ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta da guduma da ƙusa, ta kafa a saman wurin, ta rataya tsohon mayafinta, ta naɗe shi gefe. Ta ce in Farfesata ta dawo baɗi a sauke shi ya rufe hotonta, sauran bangon kuwa su kalla har su gaji.

Ki gaida maigidan da yara. In za ki zo hutu ki taho da tabaranki, akwai wuƙa ta biyu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta